Ƙullutun Ƙawo da Na Kai Kano

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. In na je kasuwa da muciyoyi, mai saye ya ajiye ciniki ya ce in ba shi labarin itacen da ake juyawa da igiya. Har a zaman makokin Baba sai da wani ya matso ya raɗa mini, wai da gaske ne a Kano ruwan sha ma saye ake yi? Na gaji da faɗa guntu-guntu, kowa ya ɗauka ya ƙara nasa gishirin. To ga shi nan gaba ɗaya, kuma in gaya muku tun yanzu, ba labarin daɗi ba ne.

Sunana Ilu, masassaƙi ɗan masassaƙi, a Maska aka haife ni. Abin da ya kai ni Kano ƙullutun itace ne. A bayan garinmu, cikin gonakin Maguzawa, akwai wani tsohon ƙawo da ya fitar da ƙullutu a gefensa kamar maƙoƙo a wuyan mutum, girmansa ya kai tulu. Duk masassaƙi ya san abin da ke cikin irin wannan. Naman itacen ba ya tafiya miƙe, murɗewa yake yi yana zagaye kansa, in aka fafe shi za a ga zanen da ba mai iya yin sa da hannu. Tun Baba yana saurayi ya ɗora ido a kansa. Amma a gindin ƙawon nan Maguzawa suke yankansu na shekara, ba mai sa masa ƙarfe. Sai Baba ya zauna jira. Duk sanda muka bi ta wurin sai ya tsaya ya shafa shi, har kansa ya yi fari, har idanunsa suka rufe.

Ƙarshen daminar bara iska ta kayar da ƙawon. Nomau, babban gidan Maguzawan, wanda suka yi yarinta tare da Baba, ya zo da kansa har ƙofar gida.

"Abin da ke ciki ya tashi, itace ya koma itace," in ji shi. "Aika a ɗauko maka abinka, dama ka ishe mu da shafa."

Muka yanko shi, sai dai ya zo a makare. Baba ba ya gani, hannunsa na rawa, ga tari da ya kama shi tun tsakiyar damina. Na gwada gizago a gefe, sai itacen ya ɓalle ya tsage maimakon ya yanku. Baba na jin ƙarar ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Gizago ba ya cin wannan, ɓata shi za ka yi."

Ya ce wani falke ya taɓa gaya masa a unguwar Larabawa ta Kano akwai mai fafe itace ba da sara ba, juya shi yake yi. "Ka kai mashi ya fafe mani akushi, Ilu. Ina son in ci tuwo a cikinshi kafin in tafi." Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago kai ba, amma na ga ta daina tankaɗen. Ni kaina ban so tafiyar ba, don na ji irin tarin, na san ba mai sakin mutum ba ne.

Ɗanyen itace in ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi. Don haka Baba ya sa muka shafe ƙullutun da laka da kashin shanu, muka naɗe shi da tsohuwar tabarma, ya ce in riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. Da kaka ta yi hanya ta buɗe, Nomau ya ara mini jaki, na bi ayarin Madugu Gambo masu kai taba da ƙore, wato baƙaƙen rigunan rini, Kano.

Kafin mu kai Bakori na samu suna. Fatake suka ga kullum muka sauka kowa na neman abin da zai sa a ciki, ni ina tsugune ina shayar da tabarma, sai suka sa mini Mai Jinyar Itace. A zangon Bakori wata mai fura ta leƙo ta ce, "Malam, yaro ne ba lafiya?" Ayari ya yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Furarta kuwa ba laifi, sai dai ta cika yaji, mutanen Bakori ba su san a sa kaɗan ba. Jakin Nomau kuma ya ɗauko halin mai shi. Bai ga rafi ba sai ya kwanta a tsakiya, ya lumshe ido, duka ba ya tashe shi. Wannan kaɗai ne ya yi mini amfani a cikin halinsa, don ranar ba sai na yi yayyafi ba.

Dariya ta ƙare mana tsakanin Bakori da Malumfashi. Muka ratsa wani ƙauye da mahara suka ƙone kafin girbi. Dawa na nan tsaye a gona ta nuna, tsuntsaye na ci, ba mai kora. A ƙofar wani kango na ga turmi rabinsa ya ƙone, na duba sara na gane aikin mutanen wajenmu ne. Madugu ya hana kowa tsayawa, ya ce a ɗaure bakin magana, muka wuce kamar masu rakiyar gawa. A Malumfashi ma sai da aka daɗe ana tambayarmu ta saman ganuwa kafin a buɗe mana ƙofa.

A Dayi zango ya cika, sai aka raba mu gidaje. Na faɗa gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo. Ta ba ni ɗaki mai kyau, da gado da buzu, na yi mamakin ɗaki haka ba mai kwana. Ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna nesa kaɗan tana kallona ina ci. Daga nan ta ce ɗakin 'ya'yanta ne maza biyu, an kama su a gona shekarun baya.

"Ɗan nan, tunda Kano za ka, ka duba mani wajen da ake sayar da mutane. Babban yana da wushirya, ƙaramin yana ɗingishi da ƙafar hagu."

Na ce to. Me zan ce? Daga baya Madugu ya gaya mini duk baƙon da ya kwana gidan sai ta ba shi wannan saƙon. Tuwon bai ƙara shiga ba.

Gaba da Dayi kaɗan ƙasar Katsina ta ƙare, ta Kano ta soma. Ba wata alama, tsamiya ce kawai da wasu mutane zaune a gindinta da masu. Taba da ƙore sun san su, sun san abin da za su karɓa. Kayana ne ya tsaya musu a rai. Babbansu, wani mai tabo a goshi, ya zagaya jakin ya ce hauren giwa na ɓoye.

Na ce, "Ka taɓa ganin haure mai siffar tulu?"

Madugu ya take mini ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Mai tabo ya sa aka sauke, aka kwance tabarma, aka kankare lakar nan tas da bakin mashi. Suka ga itace, suka ƙi yarda itace ne kawai, wai mai hankali ba zai ɗauko icce daga Maska ya kai Kano ba. Suka ƙwanƙwasa, suka kara kunne, suka soka mashi ko akwai rami a ciki. Sannan suka bar shi tsirara a rana tun hantsi har la'asar, ni ina tsaye ina kallo, sai da Madugu ya je gefe ya sasanta da su. Wurin ba rijiya ba rafi. Ruwan gorata na juye masa, ban sha ko kurɓa ba. Da muka sauka Gwarzo na duba, sai ga tsaga siririya ta taso daga inda mashin ya shiga. Na sake shafe shi da laka, amma zuciyata ta riga ta karye.

Kano kuwa, abin da kuka ji gaskiya ne, har da ƙari. Ganuwarta sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Ruwa saye, itacen wuta saye, ciyawar jaki saye. A Maska in ka gaida mutum sai ya tambayi gida da gona da gajiya. A can kana cikin "ina kwana" ya riga ya wuce, sai ka ƙarasa gaisuwarka da ƙeyarsa. Fatoman da ya sauke mu ya zuba mu mu da yawa a ɗaki guda, kuɗin cizo suka yi biki a kanmu. Na ci gurasa, wadda ake ta yabo. Da daɗi a baki, amma kafin ka miƙe ta gudu daga ciki, ba abincin mai riƙe gatari ba ce. Kuma na je inda Gwaggo ta aike ni. Na tsaya daga nesa, na ga mutane zaune jere a ƙarƙashin rumfa kansu a sunkuye. Ban ga mai wushirya ba, don ba wanda ya buɗe baki. Na juyo na bar wurin.

Neman mai juya itace ya ci mini ƙafa. Wannan ya tura ni gun wancan, wancan ya ce bai taɓa ji ba. Daga ƙarshe wani mai sayar da turare ya nuna mini wani lungu a bayan gidan wani Balarabe. Na shiga ina tsammanin ganin fari mai dogon hanci, sai na tarar da baƙin tsoho dogo, da rigar Larabawa, amma a kumatunsa aska irin ta Maguzawanmu. Sunansa Barka. Hausarsa a karkace take, sai ka kasa kunne sosai. Yana ƙarami aka kama shi aka ƙetara hamada da shi, a can ya koyi sana'ar, da tsufa ya biyo ɗan ubangidansa Kano aka 'yanta shi. Ƙafafun gado yake yi wa Larabawa, da marfin tulu da 'yan ƙananan kwanonin itace.

Na kwance tabarma, ya ɓantare lakar da farce, ya sunkuya ya shinshina. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ɗan Maska, a ƙasarku akwai wani ƙauye, da dutse babba a bayansa, da rafi yana bi ta gindin dutsen?"

Na ce, "Baba Barka, irin wannan suna da yawa. Ba ka riƙe sunan ba?"

"Kowa haka yake ce mani," in ji shi. Bai sake tada maganar ba.

Abin juyin nan da kuke ta tambaya ba wani abin tsafi ba ne. Ya faɗi sunansa da Larabci, ban riƙe ba. Turaku biyu ne kafe a ƙasa, kowanne da tsinin ƙarfe yana kallon ɗan'uwansa. Sai a kafa wa itacen sanda a tsakiya, a maƙale shi tsakanin tsinayen, a naɗa igiyar fata a jikin sandar. Mutum ɗaya ya zauna ya riƙe bakin igiyar biyu, ya ja dama ya ja hagu, itace na juyawa gaba da baya. Shi kuma gwanin yana tsugune da dogon ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, ya danne shi da yatsun ƙafa, in itace ya juyo gare shi ya kara, in ya koma ya janye. Mu muna bin itace da sara, shi itace ke kawo masa kansa. Mai ja masa igiya ya gudu tun bara, don haka ni na zauna. Ni da ake zuwa daga ƙauyuka a saya turmina, na koma majayin igiya, tsoho na yi mini tsawa in na yi sauri, ya yi mini tsawa in na yi sanyi.

Da farko ƙullutun bai daidaita ba, gefe ya fi gefe nauyi, yana juyawa yana girgiza turakun. Sau ɗaya ya kuɓuce ya daki ƙaurina, tabon na nan in kuna son gani. Tafin hannuna da nake taƙama ya yi kanta, igiya ta saɓule shi. Amma da ya soma zama kewayayye, ɓawo na fita dogo-dogo yana nannaɗewa, sai zanen ya fito. Ja ne mai duhu, da idanu ƙanana birjik, da layuka suna bin juna suna zagaye su. Na saki igiya na tsaya kallo. Abin da ya zo mini a rai shi ne, mutumin da ya jira wannan tun yana saurayi ba zai gan shi ba.

Tsagar nan da mashi ya jawo ta shiga ciki fiye da yadda na zata, dole Barka ya yanke gefe guda, akushin ya ragu. Ya fafe shi da kauri ya sauke, ya ce yanzu sai a binne shi cikin ɓawonsa ya bushe a hankali har gab da damina, sannan a mayar a ƙarasa. Ina cikin tunanin yadda zan yi, sai ga wani marini daga Maska ya iso masaukinmu da kaya. Na tambayi gida. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce Baba ya daina fita masallaci, kunu kawai yake iya sha. Na koma gun Barka na durƙusa na gaya masa.

Ya ce, "Hanya ɗaya ce. In fafe shi siriri yanzu. Siriri in ya bushe karkacewa zai yi kaɗan, ba zai fashe ba. Amma ka ji ni da kyau. Mai kawai za a shafa mashi. Na san ku, ba ku ganin akushi ya gamu sai kun ƙone shi ya yi baƙi. Wannan in wuta ta taɓa shi, ya tafi."

Muka koma kan igiya. Ya yi ta fafewa yana taɓawa da yatsa, har sai da in ka ɗaga bakin akushin a rana kana ganin haske ja ta jikinsa. Na miƙa masa kuɗin aikin da Baba ya ƙulle mini, ya karɓa bai ko duba ba. Guntun da ya yanke kuwa ya ce in bar masa. Da na je sallama na gan shi ajiye a kan gadonsa, wajen matashi.

Dawowa ban jira ayarin Madugu ba, na bi wasu masu gishiri da ke sauri. Akushi na cikin rigata, jaki na tafe ba kaya yana jin daɗinsa. Masu tsamiya ba su ko dube ni ba. A Dayi na so in wuce ta bayan gari, amma Gwaggo na zaune a bakin hanya, ta gane ni tun daga nesa. Na ce ban gan su ba. Ta ce, "To, Allah ya saka," ta kawo mini ruwa. Duk wanda na haɗu da shi daga wajen Maska sai in duba fuskarsa kafin in gaishe shi, ko zai soma da yi mini ta'aziyya.

Na iso da hantsi, na tarar da Baba da rai. An fito da shi tsakar gida an jingina shi da bango, ya rame har ban so kallonsa ba. Na durƙusa na sa masa akushin a cinya. Ya ɗaga ya ji rashin nauyinsa, ya bi baki da yatsa, ya bi ciki, ya bi gindi. Ya sake bi. Na yi ta ba shi labarin zanen, idanun da layukan, yana gyaɗa kai.

"Ba sawun ƙarfe ko ɗaya," in ji shi.

"Babu, Baba."

"Wane launi ne?"

"Ja ne."

"Ashe ɗanye ne. Ba a ƙone shi ba."

Na gaya masa abin da Barka ya ce, ban rage komai ba. Inna ma ta sa baki, ta ce ga tuwo ta tuƙa mai ruwa-ruwa, a shafa mai a zuba masa haka nan. Ya girgiza kai. Ya ce shi bai taɓa barin akushi ya fita gidan nan fari ba, balle ya ci a ciki. Sannan ya rage murya, kamar da kansa yake magana.

"Iska ta kayar, kai ka yanko, wani ya fafe. Ni ina nawa hannun a jikinshi?"

Na tashi na hura wuta, na sa ƙarfen ƙuna a ciki, na zauna ina fifita har ya yi ja. Inna ta shige ɗaki. Na naɗe ƙotar da tsumma na sa masa a hannu, na riƙe masa akushin a kife. Abin mamaki, hannun da ke rawa yana kama ƙarfen ya tsaya cak. Ya ɗora, ya ja a hankali yadda ya saba, hayaƙi ya tashi, ƙamshin ƙawo ya cika gida. Ina kallon zanen yana shigewa cikin baƙi layi bayan layi. Fuskarsa ta saki, rabon da in gan ta haka tun kafin idonsa ya tafi. Ya kusa zagayowa sai muka ji ƙas. Ba ƙara mai ƙarfi ba ce, amma na ji ta har cikin tafin hannuna.

Ya ajiye ƙarfen. Ya laluba da babban yatsa, ya sami tsagar, ya bi ta daga baki har gindi.

"Mutumin ya ce haka zai yi?"

"Ya ce, Baba."

"Ka sani, ka hura mani wutar?"

"Na sani."

Akushin na cinyarsa, hawaye na bin gemuna ban share ba tunda ba gani yake ba. Can ya juya kai wajen ɗakin Inna.

"Ce wa uwarka ta zuba tuwon a ciki. Miyar ta sa a ƙoƙo."

Ya ci loma kaɗan, da hannunsa, bai bar kowa ya taimaka masa ba. Shi ne tuwo na ƙarshe da ya ci.